Mutum Naka Ya Tafi

Ni ce mai wankan gawar mata a layinmu na Aboabo a garin Tamale. Wurin gwaggona na koya, na daɗe ina riƙe mata buta kafin ta yarda in sa hannu. Sana'ar da nake ci da ita koko da ƙosai ce a bakin titi. Na fara da wannan ne domin a san cewa ni ba mai saurin firgita ba ce, kuma ba na yin abu na biyu ban gama na farko ba.

A shekarar da nas-nas suka tafi yajin aiki a kan albashinsu, yayata tana kwance a asibitin gwamnati. Hawan jini ne ya kayar da ita a gaban murhu. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta ɗauke, sai ido. Likita ya gaya mana abin da zai riƙe ta: a riƙa juya ta kada bayanta ya yi gyambo, a ba ta abinci kaɗan-kaɗan kada ta shaƙe, a auna jininta safe da yamma, magani kuma a kan lokacinsa. Duk wannan aikin nas ne, kuma sun yi shi har ranar da suka daina.

Na je wata safiya na tarar da teburinsu ba kowa. Kujerun an tura su ƙarƙashin tebur, an share wurin tsaf, an kulle kabad ɗin magani. Ba su bar datti ba, sun dai tafi. Daga ranar ɗakin mata ya fara zubewa. Mai hali ya ɗauki nasa zuwa asibitin kuɗi, marar hali ya koma da nasa gida ko ƙauye wurin mai maganin gargajiya. Kullum na zo sai in ga wata katifa tsirara inda jiya akwai mutum. Likitoci suna nan, amma sun taru can wurin masu haɗari da masu haihuwa. Ɗaya yakan ratso ɗakinmu sau ɗaya a yini, da sauri, idonsa jajir.

Mun yi shawara ko mu ma mu tafi. Likitan ya ce jijjigar hanya za ta iya ƙarasa ta, in kuma mun zauna ba shi da nas ɗin da zai ba mu. Muka zauna. Abin da ke gabanmu ɗaya ne, Yaya ta ga ƙarshen yajin nan da ranta.

Mijinta ne ya ɗauki zaman. Dogon tsoho ne, ya yi ƙuruciyarsa a fataucin goro tsakanin Kumasi da Tamale, 'ya'yansu duk suna kudu wurin neman abinci. A ƙa'ida namiji ba ya kwana a ɗakin mata, amma mai korarsa ba ta nan. Ya samo kujerar roba mai hannu ya jingina ta da bango a gefen gadon, ya ajiye buzunsa, butarsa da 'yar rediyonsa. Ni kuma in na tashi daga koko da hantsi sai in zo in goge mata jiki, in sauya mata zane, in ba ta kunu, in tafi bayan la'asar.

Tun ina yarinya muke wasa da shi, irin na mijin yaya da ƙanwar mata, kuma ciwo bai hana shi ba.

"Matata ƙarama, kin makara. Babbar nas ta gaji."

"Kai ne nas? Mutumin da bai san inda ake ajiye gishiri a gidansa ba?"

"Nas babba ma. In ba a ƙara mini albashi ba ni ma gobe yaji."

Rediyon nan ba ta mutuwa. Wata rana ya ɗaga mini ita ya ce ma'aikatan jirgin ƙasa ma sun ajiye aiki can kudu, su ma a kan albashi, mutane sun yi cirko-cirko a tasha da kayansu.

Na ce, "To ina ruwan Tamale? Ko layin dogo ba mu da shi."

Ya ce, "Shi ne ai. Mu namu jirgin tun kafin a haife ki yake yaji, har yau ba a sasanta ba."

Yaya ta motsa gefen bakinta mai rai. Dariyarta ke nan a lokacin.

Abu ɗaya muka yi faɗa a kansa na gaske. Ƙudaje sun yi yawa a ɗakin saboda ragowar abincin masu jinya, shi kuma in ta yi barci sai ya yafa mata siririn mayafi har fuska. Na ce masa ba a rufe fuskar mai rai. Ya ce in je in gaya wa ƙuda.

Ana haka ɗakin ya rage saura gado biyu, namu da na wata tsohuwa a can tsallake. 'Yarta ce ke jinyarta, wata Badagomba daga wajen Gbalahi, manomiya, mace mai kirki. Takan sayo wa mijin Yaya koko da safe in za ta sayo nasu. Na sa mata lambata a wayarta na ce in wani abu ya faru ta kira ni.

Ta kira wata safiya rana ta ɗan ɗaga, ina tsakar kwashe ƙosai daga mai. Mma take ce mini, yadda ake kiran manyan mata a nan.

"Mma, ka zo maza. Mutum naka ya tafi."

Na ce, "Yaushe?"

"Ban sani ba. Na taɓa hannu, sanyi. Na nemi dokta, babu. Ni na ji tsoro, zan kai mama na gida."

Ta kashe wayar.

Dole in tsaya in bayyana wani abu ga wanda ba ɗan nan ba ne. Hausar kasuwar Tamale ba ta raba mace da namiji. Ana ce wa mace "ka zo", ana cewa "matata ya haihu". Mu da muka tashi da Hausa a cikin gida muna faɗin "ta" da "ya" kowanne a wurinsa, amma kunnenmu ya saba gyara wa mutane magana ba tare da mun sani ba. Matar nan ta ce mini "ka zo" alhali ni mace ce. Da ta ce "ya tafi", kunnena ya gyara ya ji "ta tafi". Kuma a cikin mutanena biyu da ke ɗakin, ɗaya ce ba ta da lafiya.

Na yi salati, na sauke kaskon, na bar wa maƙwabciyata tukunyar koko. Ban yi kuka ba, kuka yana da lokacinsa. Da farko na aika wa liman. Sannan na aika wa masu haƙa kabari, na nuna musu tsawon Yaya da nawa tsawon, domin kafaɗarmu ɗaya. Sannan tela, na ce likkafanin mace, ƙyalle biyar. Sannan na sa mata su ɗora ruwa su nemo ganyen magarya da turare. Sannan na kira 'ya'yan a kudu. Da na tabbatar kowa ya kama nasa, na ɗauki jakar aikina na tsayar da yalo-yalo, wato keke mai ƙafa uku, na bar wa maza saƙo su biyo ni da motar masallaci. Kafin mu fita daga layin na ji lasifika tana sanar da rasuwar Yaya.

Ban taɓa ganin asibiti haka da hantsi ba. Wurin da kullum sai ka ture mutum kafin ka wuce, ranar takalmina kawai nake ji a doguwar barandar. Wata akuya tana kwance a ƙofar ɗakin allura tana tuƙa. Keken ɗaukar marasa lafiya yana tsaye a tsakiyar hanya, zane a kansa, ba mai turawa. Famfo yana ɗiga a wani wuri. Da na kusa ɗakin mata sai na ji murya ƙasa-ƙasa, namiji yana magana ba ya tsayawa. Na ɗan dakata kafin na gane rediyon ce.

Tsohuwar tsallake da 'yarta sun tafi, ko tabarmarsu babu. Gadaje jere a hagu da dama, katifu baƙaƙe na roba, haske yana shigowa ta tagogi. A can ƙarshe Yaya tana miƙe, mayafi har fuska. Mijinta yana zaune a kujerarsa, kansa jingine da bango, hularsa daidai, carbi a hannunsa. Kofin koko yana ƙasa kusa da ƙafarsa, ya yi fata a sama, ƙudaje sun kewaye bakin.

Na yi sallama. Bai amsa ba. Na durƙusa daga ɗan nesa na yi masa gaisuwa yadda ake yi.

"Malam, sai haƙuri. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Ka yi iyakar ƙoƙarinka, ni shaida ce."

Idonsa a ɗan buɗe yake, yana kallon ƙasan gadon. Na sha ganin maza a irin wannan hali, wani ya yi ta surutu, wani ya zama dutse. Ban matsa masa ba. Na ce masa zan gyara ta kafin maza su iso, in zai fita ya fita, in zai zauna ya kau da kai. Bai fita ba. Raina ya ɗan sosu da rediyon, mutum na ta bayani a kan zaman da za a yi da gwamnati, amma ban ga dacewar in miƙa hannu cinyar mijin yayata in kashe ta ba. Na jawo labule mai taya na tsayar tsakaninmu da shi, ko da yake bai rufe duka ba.

A asibiti ba a wanka. Abin da ake yi shi ne a miƙe gaɓoɓi tun ba su sandare ba, a rufe ido, a ɗaure haɓa. Kuma da dama ake farawa. Na yi bisimilla na kama ƙafarta ta dama. Sanyi, nauyi, ba ta da nata motsi. Na miƙe ta. Na kama hannun dama, yatsun a dunƙule, na buɗe su ɗaya bayan ɗaya na kwantar da hannun a gefenta. Ina yi ina karanta abin da ake karantawa, ina kiran sunanta ina gaya mata abin da zan yi kafin in yi, haka gwaggo ta koya mini. Daga nan na fiddo ƙyallen haɓa na ɗage mayafin.

Idonta a buɗe. Wannan ba sabon abu ba ne. Na sa tafin hannuna na shafo fatar idon ƙasa. Da na ɗauke hannu ya sake buɗewa. Wannan ma yana faruwa. Na sake shafawa, na ɗan danne, na ce, "Yaya, ki huta." Na zura ƙyallen ƙarƙashin haɓarta na kawo bakin biyu saman kai zan ƙulla.

Sai idon ya buɗe, ya juya ya same ni.

Na san idon gawa. Ba ya neman kowa. Wannan ya neme ni, ya tsaya a kaina, ruwa ya taru a gefensa ya gangara cikin kunnenta. Hannunta na hagu, wanda ban kai gare shi ba tukuna, ya taso daga katifa ya kama bakin zanena. Sannan idon ya bar ni ya tafi gefe, can inda labulen bai rufe ba, ya dawo kaina, ya sake komawa can. Ta yi ta yin haka.

Ƙyallen yana hannuna har lokacin. Na sake shi. Na zagaya labulen.

"Malam."

Ƙuda yana tafiya a kan leɓensa na ƙasa, bai kore shi ba. Na taɓa bayan hannunsa mai carbi. Shi ne hannun da Badagombar ta taɓa da ta kawo masa koko. Hausarta daidai take, ko malamin makaranta ba zai gyara mata ba.

Buzunsa yana shimfiɗe a ƙasa, butar ta ragu. Ya yi asuba ke nan, ya koma kujera da carbinsa. Tun lokacin Yaya take kwance a ƙarƙashin mayafi, tana jin rediyo, ba ta jin tarinsa. Ta ji matar ta zo ta yi salati ta gudu. Ta ji ɗakin ya yi shiru. Sannan ta ji takuna, ta ji ina yi wa mijinta gaisuwar mutuwarta.

Na kashe rediyon. Na rufe masa ido, wannan kaɗai na yi masa, sauran na maza ne. Na koma na juya Yaya ɓangaren hagu domin tun jiya ba a juya ta ba, na sauya mata zanen da ya jiƙe, na ɗiga mata ruwa a baki da cokali. Duk inda na taɓa sai naman wurin ya ɗaure. Ba ta daina kallon hannuwana ba.

Maza suka iso da makarar ɗaukar gawa. Na tare su a ƙofa na gaya musu. Liman ya sa na maimaita. Wani ya je ya nemo likita da ƙyar, ya zo ya duba ya ce zuciya ce, ta tsaya ne kawai. Ya dubi Yaya ya tambaye ni wa zai zauna da ita yanzu. Na ce gida za mu. Bai ce a'a ba wannan karon.

Aka sa gawar Malam a motar masallaci. Ni na shiga yalo-yalo na rungume Yaya a jikina, na ce wa direban ya bi a hankali kamar yana ɗauke da ƙwai. A ruɗewar ba wanda ya tuna ya kira gida. Muka shigo layin, mata cike da ƙofar gida da tsakar gida, ana ta kuka. Motar ta tsaya aka sauke makara, kukan ya ƙaru. Sai yalo-yalo ta tsaya a baya, aka ga wadda ake yi wa kukan zaune, kanta a kafaɗata, idonta biyu. Wata ta yar da buta. Wasu suka ja da baya har bango. Ba wadda ta zo ta kama mini ita sai da na daka tsawa.

Komai sai da aka sake. Lasifika ta sake sanarwa. Aka koma wurin masu haƙa suka ƙara tsawon kabarin, domin nawa tsawon na ba su, shi kuwa ya fi ni da kai guda da rabi. Tela ya yanka na namiji, ƙyalle uku. Na sake kiran 'ya'yan, suna cikin mota a hanya, na ce uwarku tana nan, ubanku ne. Ruwan magaryar da na sa a ɗora maza suka ɗauka suka shiga da shi. Ranar na zauna a tsakar gida hannuna a cinya, ba ni da aiki.

An kai shi bayan azahar. Yaya kuwa tana ɗaki, ba asibiti, ba miji, kuma ta ƙi ni. In na kawo kunu sai ta datse baki. In na kawo ruwan goge jiki sai numfashinta ya hau sama, hannun hagu ya yi ta ture ni. Sauran mata suna tsoron juya ta, ba su san yadda ake kama ɓarin da ya shanye ba. Na ga yadda abin zai tafi: ba ci, ba magani, gyambo ya biyo baya.

A bayan layinmu akwai wata nas, 'yar ƙawata ce, a gabana aka yi sunanta. Washegari da safe na je gidansu na same ta tana wanki.

Na ce, "Kun kyauta. Kun bar ɗaki guda sai gawa da ƙuda."

Ta ce, "Mma, ina kwana tukuna."

"Ban zo gaisuwa ba."

Ta matse rigar da ke hannunta ta shanya. Ta ce, "Mun yi magana, mun rubuta, mun jira, ba wanda ya ji. Sai da muka zauna a gida aka san muna aiki. Kina tsammani daɗi nake ji? Jiya da na ji lasifika sau biyu ban iya cin abinci ba."

"To ci yanzu, ki taso."

"Asibiti ba zan je ba, Mma. Mun yi alkawari da 'yan'uwana."

"Wa ya ce asibiti? Ɗakin yayata ba na gwamnati ba ne."

Ta dube ni, ta ɗauraye hannu, ta shiga ta fito da abin awon jini a cikin leda. Da atamfarta ta zo, ba farin kaya. Ta durƙusa gaban gadon ta ce, "Mma, ni ce, hannuna da ɗumi, taɓa ki ji." Yaya ta taɓa. Ta buɗe baki ta karɓi kunu.

Haka aka yi har aka janye yajin, da bayansa ma. Yarinyar tana zuwa kafin ta tafi aiki, ta koya wa babbar 'yar Yaya juyi da wanka da ba da magani. Ni nawa shi ne dama kunu, wanke zannuwa, da tsayawa a bakin ƙofa. Da aka ce a mayar da Yaya asibiti a ci gaba da dubawa, sai da aka yi mata alkawarin ba ɗakin nan ba kuma ba kwana.

Ta rayu. Ta yi takabarta a kwance, ta gama ta a zaune. Yanzu tana takawa da sanda har tsakar gida, magana ta dawo rabi, kalma ɗaya-ɗaya, da nauyi. Ba mu taɓa yin zancen ranar ba. Tana cin abin da na dafa, tana yarda in zauna kusa da ita, amma hannuna bai sake zuwa fuskarta ba.

Kullum da safe kafin in fita da koko nakan biya ta ɗakinta. Ba na shiga kai tsaye. Nakan tsaya a bakin labule in yi sallama da ƙarfi. Ko barci take sai ta farka, kuma kafin ta amsa sallamar, kafin ina kwana, sai ta tattara ƙarfinta ta ce, "Da raina."

Sai in ce na ji, Yaya, in shiga.